Muryar 'Yar Fari a Bakin Wata

Ni ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma wani abu ta yi mini ba. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu a Kano: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ma wasu suna yabonsa sai ta kau da kai ta nemi abin yi. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban ji sunan yayanmu a bakinta ba, "wannan yaron" take cewa, alhali mutum ya yi furfura. To da na haihu a Greensboro ta ƙasar Amurka, a asibitin da babu wanda ya taɓa jin wannan zance, sai na ɗora daga inda ta tsaya. "Ke" nake ce mata. In labarinta nake bayarwa, in ce "babbar". Ƙannenta biyu maza kuwa sunayensu sun gaji da bakina, don tun daga inda muke fakin nake ƙwala musu kira har mu shiga falo.

A asibiti ko a makaranta in aka tambaye ni sunan yarinya, kati nake miƙawa. Tana ƙarama ta taɓa tambayar babanta ko Mama ta manta sunanta ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Ta ce "okay", ta koma wasanta, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare.

Allah Ya yi mata murya. Ban san inda ta samo ta ba, don ni in na yi waƙa yara roƙona suke in bari, babanta kuwa ko kiran salla aka ba shi sai an yi haƙuri. Ita tun tana firamare take rera duk abin da ta ji, tana wanke-wanke tana yi, tana aikin makaranta tana yi. Abin da ke tsakanina da wannan murya shi ne "ke, rage mana, akwai maƙwabta".

Aikina kula da tsofaffi ne. A shekarun nan wata tsohuwar Baturiya nake dubawa a unguwar Irving Park, gida ƙato kamar sakatariyar ƙaramar hukuma, ita kaɗai a ciki sai kyanwa. Ba ta kallon komai sai finafinan da, masu waƙa da rawa, irin waɗanda mutum yana cikin magana sai ya ɓarke da waƙa, duk mutanen titi su kama taka rawa. Wannan bai ba ni mamaki ba, mu da muka tashi da finafinan Indiya. Abin da na lura da shi baƙaƙen matan ne. Sai a fito da ɗaya, ta buɗe baki ta yi waƙar da ta fi ta kowa a fim ɗin, ta ɗauki faranti ta koma kicin, shi ke nan ba a ƙara ganinta. Tsohuwar ta ce, "Wannan ta iya waƙa." In ce wace ce, ta ɗaga kafaɗa ta ce in miƙo mata shayinta.

Wata rana na ba babbar wannan labari, a lokacin ta shiga jami'ar da ke East Greensboro. Ashe na taɓo inda yake mata ƙaiƙayi. Ta ajiye cokali ta yi mini lacca da Turanci, wai da gangan ake shirya irin waɗannan waƙoƙi a gefe, yadda za a iya yanke su in an kai fim garin da ba sa son ganin baƙar mace a allo. Wasu kuma muryarsu kawai ake ɗauka a ɗora a bakin wata, ko suna ba a rubutawa. Ta ce ajinsu ma fim za su yi a kan haka, ɗan gajere mai waƙoƙi: mata biyu baƙaƙe a zamanin da, suna neman gurbi ɗaya tal da aka ware wa baƙar mawaƙiya a wani babban fim. Ta ce ita za ta nemi fitowa a matsayin wadda ta samu gurbin. Na ce Allah Ya taimaka, amma karatun da aka tura ta kada ya bi ruwa.

Akwai wata yarinya 'yar asalin garin, baƙar Amurka, doguwa, da suke karawa tun a ƙungiyar mawaƙan sakandare. A gidanmu Doguwar muke ce mata. In aka ba wannan baitin farko, waccan ta yi mako tana kumbure-kumbure, in aka ba waccan, tawa ta dawo gida ta huce a kan ƙannenta. Ba zagi, ba dambe, har gaisawa suke da murmushi, amma kowacce ta san yawan tafin da aka yi wa ɗayar. Jami'a ɗaya suka shiga, aji ɗaya, kuma ita ma wannan matsayi take so.

Aka yi gwaji. A waƙa tawa ta yi gaba, wannan ko Doguwar ba ta musa ba. Sai dai matsayin yana da rawa, da riga marar hannu irin ta zamanin, da gashi a buɗe. Tawa ta ce ba za ta cire ɗankwali ba. Wallahi ban sa ta ba, ban ma san an yi ba sai daga baya. Malamarsu, wadda ita ce darakta, ta rasa yadda za ta yi, sai ta raba abin biyu: Doguwar za ta fito, ta yi rawar, ta yi maganganun, amma babbar waƙar ƙarshe tawa ce za ta rera a sutudiyo a ɗora a bakinta.

Ina tuƙa tuwon semo ta shigo ta faɗa mini. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na kasa ɓoyewa.

Na ce, "Alhamdu lillahi, ai wannan shi ne daidai. A finafinanmu na Hausa haka ake yi. Mai waƙa tana sutudiyo, 'yar wasa tana motsa baki, kowa ya ci abincinsa. Wa ya mutu?"

Ta tsaya tana kallona. "Mama, fim ɗin fa a kan wannan abin yake."

"Wane abu?"

"A ɗauki muryar mace a ba wata."

"To ba sata aka yi ba, da saninki. Miƙo mini marar nan."

Gaskiyar magana, matan masallacinmu nake tunani. Akwai waɗanda in hoton 'yarka ya faɗa wayarsu tana rawa, kafin la'asar ya kai Maraɗi ya dawo ta Kano. Murya kuwa ba ta da fuska. Na ga Allah Ya rufa mini asiri ta hanyar da ban zata ba, na kwashe tuwona ina jin sanyi a rai.

Ita ba ta haƙura ba. Ta yi ta sintiri ofishin malamar har ta samu alkawari ɗaya: ranar da za a nuna fim ɗin, da zarar ya ƙare, za a kira ta kan dandamali ta rera baitin ƙarshe da bakinta, ba kiɗa, mutane su gani da idonsu daga inda muryar ta fito. Lokacin kaɗan ne ƙwarai, don finafinan wasu azuzuwan suna layi a ranar. Wannan ɗan lokaci shi ta riƙe. A gareji take shiga mota ta rufe gilasai ta yi ta maimaita baitin, ta fito da gumi. Ta daina shan ruwan sanyi, ta hana ni sa yaji da yawa a miya, ni da tukunyata.

Ana saura kwanaki ta same ni ina ninke kaya, ta ce, "Mama, za ki zo?" Da Hausa ta faɗa, ita da sai ka yi mata magana sau uku kafin ka samu Hausa ɗaya. Babanta direban babbar mota ne, yana can wata jiha ba zai dawo ba sai bayan mako. Na ce zan duba. Na nemi wata Hajiya 'yar Nijar, ƙawata, ta raka ni, ta ce, "Bon, ni ba ni zuwa kallon rawa, ki gaida ɗiyar." Na yi musayar rana da abokiyar aikina, na ɗauko leshina na biki, na ɗaura gwaggwaro, na tafi ni kaɗai.

Ranar Asabar ce bayan azahar. Ɗakin taron ya cika, kuma kusan rabinsa dangin Doguwar ne da mutanen cocinsu. A gabansu kakarta ce, tsohuwa mai ƙiba da wata hula kamar faifai, da sanda a hannu. An ce ita ke jagorantar mawaƙan cocin tun kafin a haifi uwar yarinyar. Mutanen nan ba sa kallo da baki a rufe. Doguwar tana bayyana a allo wata ta miƙe ta ce, "'Yata ce wannan!" Aka ɗauki tafi da kiran suna. Ni na gyara mayafina na ce a raina, ikon Allah, ko ɗan kawaici babu.

Kuma yarinyar ta iya, ba zan ci haƙƙinta ba. Tana juyi kamar ba ta da ƙashi. Fim ya yi ta tafiya har aka zo waƙar ƙarshe. Ta tsaya ita kaɗai cikin farar riga, ta ɗaga kai, ta buɗe baki, sai ga muryar kicin ɗina ta cika ɗakin. Na san za a yi haka, an faɗa mini, ni ce ma na ce daidai ne. Amma tsigar jikina ta tashi. Na san inda take jan numfashi, na san inda muryar ke ɗan karyewa kafin ta hau, duk a bakin 'yar wasu. Ta kowane ɓangare sunan Doguwar ake kira, wani a bayana har da buga ƙafa. Hawaye suka zo mini, na sunkuya ina laluben jaka kamar na yar da mukulli.

Aka kunna fitilu. Malamar ta hau dandamali da su biyun, ta yi godiya, ta ce akwai abin da ya kamata a sani: muryar da aka ji a waƙar ƙarshe ta wannan ce, mai ɗankwali. Wasu sun ji, wasu suna ta hira da ɗaukar hoto, wasu sun fita shan iska. Ta miƙa wa tawa makirfo. Na ga ta gyara tsayuwa, ta rufe ido, ta ja numfashi.

Sai kakar Doguwar ta buga sandarta a ƙasa ta miƙe. Ba ta bukatar makirfo. Ta ce ita tun baitin farko ta san ba muryar jikarta ba ce, don ita ta koya mata waƙa, ta san iyakar inda take kaiwa. Ta ce shekarunta nawa tana jin muryoyi, irin wannan ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Sannan ta juyo tana duba mutane. "Ina uwar yarinyar nan? A cocinmu ba ma barin yaro ya tsaya a gaba shi kaɗai. Ina uwarta?"

Tawa ta nuna ni. Wani ɗalibi mai rawar kai ya zare makirfon daga hannunta ya gangaro da gudu ya danƙa mini. Kowa ya juyo.

Na miƙe. Sai na yi abin da na iya, abin da duk macen kirki za ta yi a garinmu. Na gaishe da manya. Na gode wa Allah, na gode wa malama. Sannan na juya ga tsohuwar na shiga yabon jikarta. Na ce ban taɓa ganin mai rawa irinta ba, na ce ga kyau ga ladabi, duk inda ta gan ni sai ta gaishe ni, na ce Allah Ya raya musu ita, gidan da ta fito gidan tarbiyya ne. Da Turancina mai ɗingishi na yi, amma na cika baki, ban rage komai ba. A wurinmu haka ake yi, ka yabi ɗan wani, naka ka bar wa mutane. Na gama na miƙa makirfo, ina ganin na fita kunya.

Ba wanda ya karɓa. Tsohuwar ta ce, "Mun gode, 'yata. Amma tawa ta sha yabo yau. Taki fa? Faɗi sunanta mu ji."

Sunan yana bakina. Ni na zaɓe shi tun tana ciki, na raɗa wa babanta ta bakin wata. Amma ya ƙi fita. Na ji kamar an ce in cire mayafi a tsakiyar kasuwa. Na nuna dandamali na ce, "Ga ta can." Tsohuwar tana jira. Sai na ƙara da abin da mahaifiyata za ta ce: "Yara ne, ana dai koyo."

Wata mata a gefena ta yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro ta kau da kai. Na duba dandamali, sai na ga Doguwar ta matsa ta kama hannun 'yata, tana kallonta da tausayi. Yarinyar da suka yi shekaru suna ƙirga wa juna tafi, yau ita ke tausaya mata a kan irin uwar da Allah Ya ba ta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da gwaggwarona.

Sai tawa ta saki hannun, ta sauko, ta zo har inda nake ta karɓi makirfon. Na ɗauka komawa za ta yi ta rera abinta. A gefena ta tsaya. Ta ce da su, da Turancinta mai santsi, kada su yi wa mamanta mummunar fahimta. Ta ce a inda muka fito uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a bainar jama'a, kuma ba rashin so ba ne, girman abin ne ya sa ba a faɗa. Ta ce in tana waƙa a kicin, mamanta takan kashe rediyo a falo tana zaton ba ta lura ba. Ta ce mamanta ta bar aiki yau ta zo, ta sa kayan da ba ta sawa sai ranar biki. Ta yi ta bayani a hankali, tana murmushi, tana dafe da kafaɗata, yadda nake yi wa tsohuwar Irving Park in ta ɓata jikinta a gaban baƙi.

Aka yi tafi, wasu har da share ido. Kakar Doguwar ta ce Allah Ya yi albarka. Malamar ta duba agogo, ta dubi yaron da ke kan na'ura, ta ɗaga wa tawa hannu alamar haƙuri. Aka kashe fitilu, fim na gaba ya fara, wani abu a kan 'yan ƙwallon kwando. 'Yata ta miƙa makirfo ta zauna a kujerar da ke kusa da ni. Ba ta rera ko kalma ɗaya ba.

Ban ga komai a fim ɗin ƙwallon ba. Ina zaune ina tunanin gidanmu. Mahaifiyata ba ta yabon yayanmu, gaskiya ne, amma ranar da ya sauke Alƙur'ani kakarmu ce ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dishe, gwaggonninmu suka cika tsakar gida suna kiran sunansa suna yi masa kirari. Uwa tana yin shiru ne don akwai masu yi mata surutun. Ni na ɗauko shirun na hau jirgi da shi, na baro masu guɗar a can. Shekara da shekaru yarinyar nan tana cikin gidan da babu kaka, babu gwaggo, sai ni, kuma ban taɓa lura da haka ba sai a wannan kujera. Kunya ta hana ni ko juyawa in dube ta.

Da aka tashi, a bakin ƙofa wani mutum mai kwat, cikin waɗanda suka fita shan iska, ya tare Doguwar yana girgiza mata hannu. Ya ce bai taɓa jin murya irin tata ba, ta yi nisa da ita. Ta ce, "Ba tawa ba ce, ta wannan ce," ta nuna tawa. Ya yi dariya ya ce ga baiwa ga sauƙin kai, ya wuce abinsa. Kakar ta rungume ni, hularta tana tokare mini gwaggwaro, ta ce ta fahimta, kowa da al'adarsa, kada in damu. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Babbar ce ta ja motar. Muka fito daga jami'ar, muka wuce coci-cocin nan da ƙananan kantuna. Ta tambaye ni ko na ci abinci, na ce na ci. Ta ce in za mu biya mu ɗauko yaran daga gidan Hajiya sai ta sha mai tukuna. Muryarta lafiya lau, ba fushi, kuma wannan ya fi damuna.

A wata danja muka tsaya. Na dubi gilasan, duk a rufe suke. Na ce, ina kallon gabana, "Ke, baitin nan da kika yi ta koyo. Ki yi shi mana yanzu in ji."

Ta gyara riƙon sitiyari. Sannan ta ce da Hausa, a hankali, "Mama, ke ai kin san muryata. Su ne ba su sani ba."

Danja ta ba mu hannu, na baya ya yi hon, ta ja mota muka tafi gidan mai.